Ƙarnin Kifi a Kan Ordinatar Lakwal

Ni ƴar Madarumfa ce, a nan aka binne cibiyata, kuma duk wanda ya tashi a garinmu ya san kifi kamar yadda ya san tuwo. Tun ina ƙarama ake aikena bakin tabki da kwano, in dawo da tarwaɗa tana motsi. Ban taɓa zaton akwai ranar da ƙarnin kifi zai tayar mini da zuciya ba, sai da na koyar da lissafi a wata ƙaramar lakwal ta garin, inda muke da ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya tal a ɗakin malamai.

Wanda ya zo daga Maradi ya kafa mana ita mutum ne mai tsari. Ya buɗe wa kowane malami kont nasa, ya ce kowa ya zaɓi kod ɗin da zai riƙa shiga da shi. Ya ce mu ɗauke ta kamar gidan haya: kowa da ɗakinsa da makullinsa, akwai tsakar gida ta kowa da kowa, sannan akwai babban makulli mai buɗe ko'ina, shi kuma ya damƙa wa direktar, shugaban lakwal ɗin. Muka zauna lafiya a haka. Mai buga jarrabawa ya buga, mai rubuta wasiƙa ya rubuta, ba mai leƙa ɗakin wani.

Ana nan sai surbeya, wato mai kula da shiga da fitar ɗalibai, ya dawo daga Maradi da wani lojisiyel, wato manhaja, a cikin kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin ordinatar. Lojisiyel ne na haɗa not, wato makin ɗalibai: ka zuba masa abin da kowane yaro ya ci, shi ya yi lissafi, ya fitar da takardar sakamako a buge. Mu da muka saba kwana biyu muna fama da biro da jan layi, har guɗa muka kusa yi. Surbeya ya shiga kont nasa, ya sa abin, ya gwada mana yadda yake aiki. Washegari na shiga nawa kont ɗin, na duba sama na duba ƙasa, babu shi babu alamarsa. Kowa ya duba nasa, haka.

Muka tambaye shi. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ni ma hakanan nig gan shi. Abin nasara ne, inda yas so nan shika zama."

Daga ranar, duk mai son zuba not sai ya jira surbeya ya buɗe kont nasa. Ba ya ba kowa kod ɗin, ba ya kuma tashi daga kujerar. Kai za ka tsaya a gefensa kana karantowa, shi yana dannawa da yatsu biyu, yana tsayawa ya ba ka labarin zamanin da ake dukan yara da dorina.

Dattijo ne, ya kusa ajiye aiki, kuma in ka gan shi a masallaci ba za ka ce yana da wani aibu ba. Aibunsa ɗaya na sani a lokacin, shi ne kifi. To mu kuma ga al'adarmu, ba a zuwa neman alfarma wajen babba hannu rabbana. Ban manta wanda ya fara ba, malamin tarihi ne. Ya shigo lokacin hutun safe da soyayyar karfasa a ƙunshe, ya ajiye a gefen ordinatar, ya ce, "Baba, ga ɗan abin taɓawa." Ran nan shi aka fara yi wa aiki, alhali akwai waɗanda suka riga shi. Malamai kuwa ba a koya musu darasi sau biyu. Kafin zangon ya ƙare abin ya zama doka: mai karfasa yana gaban mai tarwaɗa, mai tarwaɗa yana gaban mai gaisuwar baki.

A kan ordinatar yake ci. Hannun da ya yagi kifi, ya dangwali yaji, ya kai baki, ya tsotse, shi ne yake komawa kan kilabiye, wato allon haruffan nan da ake dannawa. Mai ya bi haruffan har suka riƙa sheƙi, wasu in ka danna sai su maƙale. Ƙaya tana faɗawa tsakaninsu. Ƙudaje suka mayar da wurin gidansu, tururuwa ta yi hanya daga bango zuwa tebur. In hannunsa ya yi maiƙo da yawa sai ya ja takardar jarrabawar da ke kusa ya goge. Wata uwa ta taɓa tare ni a kasuwa, ta ce ɗiyarta ta kawo takarda gida kyanwa na bin ta, wai ko mun buɗe wajen suya ne a lakwal. Ga shi ba ya yarda a buɗe taga, wai iska na kwashe masa takardu. Ka haɗa wannan da zafin bazara, ka rufe ƙofa, ka ga abin da muke shaƙa.

Ni ban taɓa kai masa ko ƙaya ba, saboda haka kullum ni ce ta ƙarshe. Bai dame ni ba. Na daɗe a aiki, takarduna sun zauna, ba wanda ya isa ya taɓa ni. In zan yi aiki a kont nawa sai in naɗe yatsuna da ƙyalle, in gama in je in wanke hannu har gwiwa ina tsaki.

Wadda abin ya ci ita ce amarya. Haka muke kiranta don ba ta daɗe da aure ba. Malamar Faransanci ce, ƴar gidan Kirista daga Maradi, tana haya a garin, ranar Asabar ta koma gida don ta samu majami'a ran Lahadi. Yarinya ce mai sanyin murya da tsabta, ko allo ta goge sai ta wanke hannu. Kuma ƴar kwantaragi ce. Duk wanda ya yi aikin lakwal ya san abin da wannan ke nufi: zamanta a aiki yana rataye da abin da direktar zai faɗa a kanta a ƙarshen shekara. Mijinta kuwa a lokacin ba shi da tsayayyen aiki, da nata suke ci.

A zango na biyu na lura da ita. Tana yawo da lemun tsami a jaka, tana yawan tofar da yawu, in ta zauna sai gyangyaɗi. In ta nufo ɗakin malamai sai ta kai bakin ƙofa ta ja birki, ta juya kamar ta yi mantuwa. Ni uwa ce, ba sai an faɗa mini ba. Wata rana na same ta bayan aji, ta dafa bango tana mayar da numfashi.

Ta ce, "Yaya, zazzaɓi na."

Na ce, "To, Allah shi sawwaƙe zazzaɓin, shi kuma raba lahiya."

Ta ja gyale ta rufe fuska. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Cikin fari ne, kuma a wajenmu, Musulmi ko Kirista, cikin fari ba a faɗarsa. Ko uwar da ta haife ki sai dai ta gane da ido. Balle a ce yarinya ta tsaya gaban maza sa'annin ubanta ta ce ga dalilin da ya sa ba ta iya shiga ɗaki.

Lokacin zuba not ya zo. Kowa ya kai kifinsa ya wuce, amarya ba ta shiga ba. Na karɓi takardunta na ce zan karanta a madadinta. Surbeya ya girgiza kai yana cire ƙaya daga haƙori da farce.

"A'a, Madam. Kowa shi taho da ƙahwarshi. In anka yi kure wa za a kama?"

Ta daure ta gwada sau ɗaya. Ta shiga, ta tsaya gefensa, ta karanta sunaye kaɗan, shi kuma daidai lokacin yana tsotsar kan tarwaɗa. Na ga fuskarta ta canja. Ta ajiye takardun ta fita da gudu, ko sallama babu. Surbeya ya bi ta da kallo ya ce ƴan birni ke nan, ƙyamar mutanen ƙauye suke yi. Maganar ta zaga lakwal kafin a tashi.

Bayan haka direktar ya kira ta, a gaban kowa, ya ce not ɗinta ke riƙe da sakamakon ajujuwa, iyaye sun fara tambaya.

Ya ce, "Madam, in ba ki iya aikin ki hwaɗi. Akwai masu jira da yawa."

Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina tsaye a wurin. Nawa not ɗin ma ban zuba ba, amma ni bai kalle ni ba.

Ƙarshen makon na hau mota zuwa Maradi wajen wata ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare. A lakwal ɗinsu irin wannan lojisiyel suke aiki da shi. Na ba ta labarin abin nasara mai zaɓen inda zai zauna, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta jawo tata ordinatar, ta fara sa shi daga farko don in gani. Bai yi nisa ba ya tsaya ya yi tambaya, da manyan haruffa, cikin Faransancin da ɗan aji uku zai karanta: a sa maka kai kaɗai, ko a sa wa duk masu aiki da wannan ordinatar? Ga gurbi biyu, ka danna wanda kake so.

Na daɗe ina kallon gurabun nan. Ashe surbeya ya gani. An tambaye shi, ya karanta, ya ɗauki turmin gida ya kai ɗakinsa ya kulle, sannan ya fito yana buɗe mana hannuwa. Wallahi a lokacin da yana kusa da ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ƙawata ta zuba mini lojisiyel ɗin a kile, ta ce abu biyu nake bukata: babban makullin direktar don a sa wa kowa, sannan in kwashe not ɗin da aka riga aka zuba daga ɗakin surbeya in mayar tsakar gida, inda kowane kont zai iya kaiwa.

Ran Litinin na shiga ofishin direktar na yi masa bayani dalla-dalla. Yana saurare yana tura wani ƙunshi ƙarƙashin takardu da gwiwar hannu, amma mai ya riga ya huda takardar, kuma hancina lafiyarsa lau. Ashe shi ma ana kai masa kasonsa.

Ya ce, "Madam, a bar kaza cikin gashinta. Dattijon ga saura mishi kaɗan shi tahi. Mi kika so da abin da bai dame ki ba?"

Ga dalilin a bakina, amma ba nawa ba ne da zan faɗa, kuma ba a gaban namiji ba. Sai na ce, "To shi ke nan, ranka shi daɗe. Ni ma ba ni ƙara shiga in tsaya cikin ƙarnin ga. Not ɗin lissahi na ajujuwa dut suna hannuna, kuma nan za su zamna. In za ka rubuta ƙarar wata, ka haɗa da ni."

Ya san ba a fitar da sakamako babu lissafi, ya kuma san bakina. Ya yi ta juya biro. Ranar da surbeya ya tafi suna a garin Sarkin Yamma, direktar ya biyo ni ɗakin malamai bayan an tashi, ya danna kod ɗinsa yana waige-waige kamar ɓarawon akuya, ya fice ya bar ni.

Kafin in taɓa komai na buɗe tagogi duka. Na cire kilabiye na kife shi a kan tsohuwar jarida na bubbuga. Abin da ya zubo ba zan manta ba: ƙaya, ɓawon kifi, garin yaji da ya dunƙule da mai, matattun tururuwa, da wani ɗan farin abu mai tauri da na juya da tsinke na ga idon kifi ne ya bushe. Na fita na tofar da yawu na dawo. Na goge haruffan ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ruwan sabulu da lemun tsami, na goge tebur, na share hanyar tururuwa.

Aikin kansa kuwa, wanda aka shekara ana kai kifi saboda shi, ko shayi ba zai tafasa ba na gama. Tambayar ta fito, na danna gurbi na biyu. Na kwashe not ɗin na kai tsakar gida. Na fita daga kont ɗin direktar na shiga nawa, sai ga ɗan hoton lojisiyel ɗin zaune a fuskar ordinatar, na danna ya buɗe, ga ajujuwa duka.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya zo, na kawo amarya. Ta tsaya bakin ƙofa ta shinshina, sannan ta shigo a hankali. Ta sa kod ɗinta da hannunta, ta ga hoton, ta dube ni. Ta zauna ta zuba not ɗinta kaf, yatsunta na gudu, iska na shigowa ta taga. Da ta gama ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji daga bakinta ba. Ni ma na zuba nawa, a ranar aka buga sakamako. Na koma gida ina ganin magana ta ƙare.

Surbeya bai yi faɗa ba. Da ya dawo ya ga abin da aka yi sai ya sha toka, ya daina amsa gaisuwa, ya riƙa zama ƙarƙashin bishiyar bedi yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa an kwance masa zani a kasuwa, shi da ya kawo abin arziki da kuɗin motarsa. Wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne abokan aikina. Da aka yi ƙaramar jarrabawa ta gaba, sai ga su sun lallaso shi ya koma kan kujera, sun yi layi, kowa da ƙunshinsa. Kowannensu yana da lojisiyel ɗin a kont nasa. Maza masu gemu, masu takardun jami'a, suna tsaye suna karanta wa mutum lamba yana dannawa da yatsa mai maiƙo.

Na ja malamin kimiyya gefe, wanda ya fi mu duka sanin ordinatar, na ce ko bai duba kont nasa ba ne.

Ya ce, "Na gani, Madam. Ai tun hwarko mun san ana iyawa. Amma babba babba na, a bar mishi girmanshi."

Tun farko sun sani. Suna kallo aka tsayar da yarinyar nan a gaban kowa, suna kallo ta fita da gudu, ba wanda ya buɗe baki. Na yi tsaki na wuce.

Ni surbeya ba ya iya taɓa ni, sai ya juya kan amarya. Ya ce ita ce ta kai ƙararsa, ita ta zuga ni, ita kaɗai ce a lakwal ɗin ta tsallake shi ta zuba not ba da saninsa ba. Ni da na yi aikin gaba ɗaya ko sunana bai ambata ba. Na je na same shi na ce ni ce, in yana da magana ga ni. Ya ce shi ba ya sa'insa da mata, ya juya mini ƙeya. Direktar kuma ya kira amarya, wannan karon a keɓe, da murya mai taushi. Ya ce shekara ta kusa ƙarewa, bai riga ya aika da bayaninta ba, kuma ba zai so a ce ba ta zaman lafiya da manya ba. Ya ce ta je ta ba dattijo haƙuri. Ta dai san yadda ake zuwa wajen babba.

Lokacin hutun safe na hango ta ta shigo daga ƙofar lakwal. Ta riƙe ƙunshin nesa da jikinta, ɗaya hannun ya danne gyale a hanci, tana tafiya kamar mai ɗauke da garwashi. Da kanta ta je wajen masu suya ta tsaya cikin hayaƙin har aka soya. Na tare ta.

Na ce, "Ba ni nan. In kaiwa ce ni in kai, in zubarwa ce ni in zubar."

Ta ce, "A'a, Yaya. In ba ni nik kai ba, ba shi karɓa." Idonta ya kawo ruwa. "Ke ba a iya korarki. Ki bar ni in wuce."

Na matsa mata. Ta shiga, ni ina bakin ƙofa. An sake rufe tagogin. Ta durƙusa har ƙasa ta miƙa da hannu biyu, ta ce ya yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ya karɓa, ya kwance ƙunshin a kan kilabiyen da na wanke, ya yagi tsoka ya dangwali yaji. Bai sallame ta ba. Yana tauna yana yi mata nasiha a kan ladabi, da yadda ƴan zamani ba su san darajar manya ba, ita tana durƙushe, leɓunanta a datse, zufa na bin wuyanta. Sauran malamai suna gyaɗa kai.

Da ya ce ta tashi, ta fito a hankali har ta wuce taga, sannan ta ruga bayan aji. Na bi ta da buta. Ta yi amai har ba abin da ya rage, tana kakari, ina riƙe da gyalenta. Na zuba mata ruwa ta kurkure baki, na tura ƙasa da ƙafa na rufe wurin kada yara su gani. Daga ɗakin malamai muna jiyo muryarsa, ya ware kamar ba shi ba.

"Ku taho ku ci, amarya tak kawo. Ai na hwaɗa muku, yarinya ce mai ladabi."

Ba a kore ta ba. Direktar ya yaba da ita a ƙarshen shekara, kuma da yake gaya mana abin da ya faɗa a kanta, bai ambaci koyarwarta ba, biyayya ya ce tana da ita. Ta haihu bayan damina, namiji, na je barka. Da ta dawo aiki lojisiyel ɗin yana nan a kont nata, ga hotonsa a fuskar ordinatar duk lokacin da ta shiga. Da lokacin zuba not ya zo, na gan ta a layi bayan malamin tarihi, jariri a baya, ƙunshi a hannu.

Maigidana har yanzu yakan biya bakin tabki ya sayo karfasa. Yara ke soyawa, a can bayan gida, ni kuwa ranar fura nake sha.